Yadda za ka lissafa abin da asusun raba riba zai riƙa ba ka, in kana mayar da ribar cikin jari

Bayan an gama girbin shinkafar rani, yayana, ɗan baffana da ke noma a fadamar Argungu, ya same ni a Birnin Kebbi da wayarsa a hannu. Ya sayar da buhunansa, ya biya 'yan ƙwadago da mai injin ban ruwa, ya ware kuɗin taki da iri, sai naira miliyan biyu ta yi saura. Wani ya tura masa hoton wani asusun zuba jari da aka rubuta kashi 14 cikin 100 a jikinsa da manyan haruffa. Ya miƙo mini wayar ya ce, "Ƙanena, duba mani wanga abu. In na sa kuɗin nan, nawa za a riƙa ba ni duk wata? In kuma na bar ribar tana komawa ciki, mi zan taras bayan shekara biyar?"

Na ce, "Yaya, zauna mu ɗauko biro da takarda, don lambar da ke jikin hoton nan ba ita za ta shiga aljihunka ba."

Abin da muka yi a ranar shi zan shimfiɗa a nan. Asusun da zan yi misali da shi na ƙaddara ne, farashinsa da ribarsa ni na yanka su don lissafi ya fito fili. Kai sai ka sa lambobin asusun da ke gabanka.

Da farko, mu san abin da ake saya. Asusun raba riba tukunya ce da mutane da yawa ke zuba kuɗi, manaja ya sayi hannun jarin kamfanoni masu raba riba da su, abin da ya shigo a raba wa kowa gwargwadon abin da ya mallaka. Abin da ka mallaka ana ƙirga shi da yunit, ni ƙwaya nake ce masa. Ba a biyan ka a kan nairar da ka zuba, ana biyan ka a kan kowace ƙwaya da ke hannunka. Mai kiwo ba ya cewa yana da tumakin dubu ɗari biyar, kawuna yake ƙirgawa, don kawunan ne ke haihuwa. Riƙe wannan, duk lissafin a kansa yake.

Mataki na farko: nemo abin da aka raba da gaske

Ka bar lambar talla. Nemi takardar bayanin asusun, wadda manajoji ke fitarwa wata-wata ko duk wata uku, ka tara duk abin da aka biya a kan ƙwaya ɗaya cikin wata goma sha biyun da suka wuce. Sai ka raba da farashin ƙwaya na yau, ka ninka da ɗari. In an biya naira 14 a shekara, ƙwaya kuma tana naira 100, kashi 14 ke nan.

Dalilin da ya sa nake cewa ka tara da kanka: wasu masu talla sukan ɗauki rabon wata ɗaya da ya fi kowane tsoka su ninka shi sau goma sha biyu. Kamar manomi ne ya ɗauki shekarar da ruwa ya yi kyau, tsuntsu bai sauka ba, ambaliya ba ta zo ba, ya ce haka gonarsa ke bayarwa kullum. In takardun sun kai shekara uku ko biyar, duba su duka, ka lura da shekarar da rabon ya fi ƙanƙanta.

Ka kuma sani kason nan da farashi yake tafiya. Kamfanin simintin Dangote ya raba naira 30 a kan kowane hannun jari na shekarar 2023, ya sake raba 30 na 2024. Wanda ya sayi nasa a naira 300, kashi 10 ya samu. Wanda ya saya a naira 600, kashi 5 ya samu, alhali kuɗi ɗaya aka biya su. Haka nan in farashin asusu ya faɗi warwas, kasonsa sai ya yi sama, ya yi kyau a ido, alhali ciwo ne ya kumbura shi.

Mataki na biyu: cire abin da ba naka ba

A Najeriya ana cire harajin kashi 10 daga ribar hannun jarin kamfani tun kafin ta iso gare ka. Tambayi manajan asusun ko lambar da ya ba ka an riga an cire haraji da kuɗin gudanarwa, ko ba a cire ba. A misalinmu mun ɗauka ba a cire harajin ba, don haka naira 14 ta koma naira 12.60.

Miliyan biyu a farashin naira 100 ta sayi ƙwaya 20,000. Ninka da 12.60, ka samu naira 252,000 a shekara, wato 21,000 a wata in ka baje ta. Hoton talla ya sa yayana yana hangen 280,000. Tun ba a je ko'ina ba 28,000 ta fita.

In asusun na Amurka ne, irin waɗanda matasanmu ke saya ta manhajar waya, yankan ya fi zurfi. Amurka na cire kashi 30 daga ribar da take biyan wanda ba mazauninta ba, sai in ƙasarsa na da yarjejeniyar haraji da ita, Najeriya kuwa ba ta da. Dala 1,000 a asusun da ke raba kashi 12 za ta haifi dala 120, amma 84 za ka gani. Kashi 12 ya zama 8.4, ga la'adar manhaja, ga abin da canji ke ci wajen shiga da fita.

Kuma "21,000 a wata" lissafi ne kawai. Kamfanoninmu yawanci sau ɗaya ko sau biyu suke rabo a shekara, asusun gida ma haka. Wanda zai ci abinci da kuɗin nan dole ya iya riƙe dunƙulen ya riƙa tsakura.

Mataki na uku: teburin juya riba

Ja layi bakwai a takarda, ko a Excel in kana da kwamfuta: shekara, ƙwayar da ka shiga shekarar da ita, rabon kowace ƙwaya bayan haraji, kuɗin da ka samu, farashin ƙwaya ranar da za ka ƙara saye, sabbin ƙwayoyi, jimla. Jimlar ƙarshen shekara ita ce za ka buɗe shekara mai zuwa da ita.

Mu fara da mafi sauƙi, a ce farashi ya tsaya a naira 100, rabo ya tsaya a 12.60.

Shekara ta 1: ƙwaya 20,000, riba 252,000, an ƙara 2,520, jimla 22,520.
Shekara ta 2: riba 283,752, an ƙara 2,837, jimla 25,357.
Shekara ta 3: riba 319,498, an ƙara 3,194, jimla 28,551.
Shekara ta 4: riba 359,743, an ƙara 3,597, jimla 32,148.
Shekara ta 5: riba 405,065, an ƙara 4,050, jimla 36,198.

Bayan shekara biyar jarin ya kai kimanin naira miliyan 3.62. In a shekara ta shida ya daina mayarwa ya fara ci, zai samu wajen 456,000 a shekara, kusan 38,000 a wata. Da yana cinye ribar tun farko, da har yanzu yana kan 21,000 ɗinsa. Wannan shi ne amfanin barin 'ya'ya su girma su ma su haihu.

Akwai gajeriyar hanya ta sanin lokacin da jari zai ninka: raba 72 da kason da kake samu bayan haraji. 72 a raba da 12.6 ya ba da shekara biyar da wata takwas ko tara. Ƙiyasi ne, amma yana kusa ƙwarai.

Mutane kan damu da ko asusu na biya duk wata ko sau ɗaya a shekara. Ga mai juya riba bambancin bai taka kara ya karya ba: kashi 12.6 da ake mayarwa wata-wata yana zama kimanin 13.35 a shekara. Kada wannan ya sa ka zaɓi asusu.

A nan yayana ya yi murmushi ya fara naɗe takardar. Na ce, "Yaya, dakata, wannan tebur na shekarar da komai ya tafi daidai ne. Saura na shekarar fari."

Mataki na huɗu: shin uwar kuɗin tana nan?

Nan ne mafi yawan masu lissafi ke faɗawa rami, don haka zan ɗan daɗe a kai.

Ribar da aka ba ka ba daga sama ta faɗo ba, daga cikin tukunyar aka ɗebo ta. Shi ya sa a kasuwar hannun jari ta NGX da ke Legas, da zarar ranar cancantar karɓar riba ta wuce, ana rage farashin hannun jarin da daidai abin da za a raba. Kamfani mai lafiya yakan cike gurbin da sabon cinikin da ya yi, farashi ya farfaɗo. Asusun da ke raba fiye da abin da yake samu kuwa, daga jarinka yake yanko maka. Ka ba mutum kiwon akuya, duk wata yana aiko maka da tsire, kana murna, ashe garken ake yankawa.

A Amurka akwai asusun da aka gina musamman don raba riba mai yawa duk wata, irin su QYLD da JEPI. Suna riƙe da hannun jarin manyan kamfanoni, sai su sayar wa wasu da 'yancin cin moriyar tashin farashi daga wani mizani da aka yanka, su karɓi kuɗin wannan alƙawari su raba. Ka ƙaddara manomi ya karɓi ɗan kuɗi yau a hannun ɗan kasuwa, bisa sharaɗin zai sayar masa da buhu a farashi kaza in ya so. In shinkafa ta yi tsada, ɗan kasuwa ya zo ya kwashe a tsohon farashi. In ta faɗi, ɗan kasuwa ya yi tafiyarsa, manomi ya rungumi faɗuwar, sai ɗan kuɗin farko ya rage masa zafi. Tashi an yi masa rufi, faɗuwa kuwa ba ta da dabe. QYLD ya fara a ƙarshen 2013 da farashin wajen dala 25, bayan shekara goma yana ƙasa da dala 20, a daidai lokacin da kamfanonin da yake bi suka ninka darajarsu sau da yawa. Ya biya riba mai kauri duk tsawon lokacin, amma wanda ya cinye ta ya tarar uwar kuɗinsa ta rame.

To mu sake teburin da wannan ciwo. A ce farashi na sauka da kashi 8 duk shekara, rabo ma na binsa ƙasa da kashi 8. Shekarar farko riba 252,000 ce, amma yanzu ƙwaya na naira 92, don haka ta sayi 2,739. Shekara ta biyu rabo ya koma 11.59, farashi 84.64. Haka za ka bi har shekara ta biyar, inda farashi zai kai wajen naira 66. Ƙwayoyinka za su kai kusan 38,000, sun ma fi na teburin farko yawa, don kana saye da araha. Amma darajarsu duka kimanin miliyan 2.5 ce, kuma rabon shekara ta shida, naira 8.30 a kan kowace ƙwaya, zai ba ka wajen 26,300 a wata. Wanda bai juya ribar ba ya fi shiga uku: jarinsa ya dawo miliyan 1.32, abin da yake samu a wata ya sauko 13,800.

Dabarar da za ta hutar da kai: haɗa kason riba bayan haraji da canjin farashi na shekara. 12.6 a cire 8, saura 4.6. Wannan ne ainihin girman dukiyarka. Asusun da ke raba kashi 7 farashinsa na hawa da kashi 10 ya fi mai raba kashi 20 farashinsa na zubewa da 15, nesa ba kusa ba. Don haka kafin ka sa ko sisi, duba farashin ƙwayar asusun shekara uku ko biyar baya ka gwada da na yau. Minti biyar ya isa.

Don adalci, yi tebur na uku, na shekarun albarka. In farashi da rabo duka suna hawa da kashi 10, miliyan biyu za ta kai kimanin miliyan 5.5, kuɗin wata ya kai wajen 58,000. Yanzu kana da lamba uku: 26,300 da 38,000 da 58,000. Ni shawarata, ka gina shirin gidanka a kan ta ƙasa.

Mataki na biyar: mayar da nairar buhu

Naira 38,000 ta shekara biyar masu zuwa ba ita ce 38,000 ta yau ba, kowa a ƙasar nan ya ga haka da idonsa. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta sa hauhawar farashi a kashi 34.8 a Disambar 2024, kafin ta sauya ma'auninta a farkon 2025. Dala da ke wajen naira 460 a farashin hukuma kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024.

Zaɓi kason hauhawar da kake zato, ka ninka shi a kansa sau biyar. In kashi 20 ne, 1.2 × 1.2 × 1.2 × 1.2 × 1.2 ya ba da 2.49. Raba lambobinka da shi. 38,000 ta koma kimanin 15,300 a kuɗin yau, ƙasa da 21,000 ɗin da aka fara da ita. 58,000 ta koma 23,300. In hauhawar ta sauko kashi 10, sai ka raba da 1.61, 38,000 ta zama 23,600.

Da na kai nan yayana ya yi shiru. Sai ya ɗauki biron ya raba kowace lamba da kuɗin buhun shanshera na ranar a kasuwar Argungu, don ya ga buhu nawa ribar shekara za ta saya. Wannan ya fi nawa lissafin shiga kai, kuma ina ba kowa shawarar ya yi haka da abin da ya sani: mutumin Aliero ya auna da buhun albasa, ma'aikaci ya auna da kuɗin makarantar yara ko hayar gida.

Mai asusun dala yana da ɗan rufin asiri a nan, don faɗuwar naira na ƙara masa yawan abin da zai canza. Amma takobi ne mai kaifi biyu, in naira ta farfaɗo abin da zai karɓa ya ragu. Yi teburinka da dala, sai a ƙarshe ka canza da farashi biyu, ɗaya sama da na yau ɗaya ƙasa.

Halal, tsarkakewa da zakka

Ga mafi yawanmu wannan tambaya ce ta gaban komai, kuma tana taɓa lissafi kai tsaye. Kamfanonin da suka fi raba riba mai tsoka a NGX da yawansu bankunan kuɗin ruwa ne, don haka asusun da ke farautar babban kaso yakan cika tukunyarsa da su. Cinikin alƙawarin da na kwatanta a sama kuwa, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, OIC, ta yanke tun 1992 cewa bai halatta ba. Wanda ke kiyaye wannan zai duba asusun da ke da kwamitin malamai masu sa ido, irin na Lotus Capital, wanda ke da asusun hannun jarin halal a kasuwar tun 2014, ko asusun Imaan na Stanbic IBTC. Kada ka yi mamaki in rabonsu bai kai na sauran ba. Sa lambarsu ta gaskiya a tebur.

Ko a kamfanin da aka tantace, akan sami ɗan kuɗin ruwa da ya gauraya da cinikinsa, wanda malamai suka ce a fitar a bayar ba da niyyar lada ba. Tambayi manaja ko su ke fitarwa ko kai za ka fitar. In kai ne, cire shi kafin ka juya riba. Zakka ma haka: in dukiyarka gaba ɗaya ta kai nisabi, dinari 20, kimanin giram 85 na zinare, shekara ta zagayo, akwai kashi 2.5. Malamai sun bambanta tsakanin mai saye don sayarwa da mai ajiya don cin riba, sai ka kai wa malaminka teburin ya faɗa maka a kan me za ka fitar, ka ƙara layi na takwas.

Yana da kyau ka sami ma'auni a gefe. Sukuk, wato takardar zuba jari da ba ta da kuɗin ruwa, na farko da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017, na naira biliyan 100 don gina hanyoyi, ya biya kuɗin haya kashi 16.47 a shekara har shekara bakwai, sau biyu a shekara, a ƙarshe a mayar wa mutum uwar kuɗinsa. Duk lokacin da ofishin kula da basussuka na DMO ya fitar da sabo, gwada kasonsa da lambarka ta mataki na huɗu. In asusun hannun jari, da duk hawa da saukarsa, bai ba ka fatan wuce sukuk ba, ka tambayi kanka dalilin ɗaukar kasadar.

Kafin ka tura kuɗi

Shiga shafin hukumar SEC, mai sa ido a kan kasuwar hannun jari, ka tabbatar manajan da asusun duka suna da rajista. Duk wanda ya ce maka tabbas za ka sami kashi kaza duk wata, ba raguwa, ba hannun jari yake sayarwa ba. Mun ga MMM a 2016, mun ga CBEX a 2025, kuma har garuruwanmu akwai gidajen da suka yi kuka.

Tambayi ko asusun na mayar da riba da kansa ba tare da la'ada ba. In sai ka karɓa ka sake saye ta hannun dillali, cire la'adarsa daga kowane layi, kuma tara ƙananan ribar ka saya a dunƙule. In hannun jarin kamfani ka saya kai tsaye, cike takardar biyan riba ta banki da sunan da ya dace da na BVN ɗinka, don ribar da ta maƙale wajen magatakarda, masu riƙe da rajistar masu hannun jari, ba ta haihuwa.

Abu na ƙarshe da muka ƙara a takardar yayana shi ne layin ƙari daga aljihu. Naira 20,000 duk wata ita ce 240,000 a shekara, kusan daidai da duk ribar shekarar farko ta miliyan biyun. Shi ba mai albashi ba ne, sai ya ce zai riƙa ƙara wani abu sau biyu a shekara, bayan girbin damina da na rani. Ya yanke shawarar sa rabin kuɗin kawai a asusun halal, ya sayi raguna na kiwon layya da sauran, ya ce da ni, "Ƙanena, ka aje takardar ga wurinka. Bayan babbar salla in na zo, mu cika layin shekara ta farko mu ga wanda ya fi haihuwa tsakaninsu."